Bayan an ce kana da HIV: mai ba da shawara, zaman ƙungiya, likita ko ɗan'uwa, ƙofar wa za ka fara ƙwanƙwasawa?

Wanda aka miƙa wa takardar gwaji aka ce masa yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, da wuya ya ji abin da aka faɗa bayan nan. Ma'aikaciyar lafiya tana ta bayani, bakinta na motsi, shi kuwa idonsa na kan wani ɗan tabo a jikin tebur. Ya ce "to", ya sake cewa "to", ya ninke takardar gida huɗu ya cusa a aljihu, ya fita. Sai dare ya raba, kowa ya yi barci, tambayoyin su taso masa gaba ɗaya. Mutuwa zan yi? A ina na ɗauko? Wa zan gaya wa? Yarana fa?

Ta fuskar jiki, yau hanya a share take. Tun 1996 da aka fara haɗa magunguna uku, wannan cuta ta tashi daga hukuncin kisa ta koma lalurar da ake rayuwa da ita. Daga 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗora kowa a kan magani da zarar an gano cutar, ba sai garkuwar jikinsa ta yi ƙasa ba. Ga yawancin mutane ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma cikin wata shida ƙwayar cutar takan kwanta har gwaji ya kasa ganinta a jini. Amma magani ba ya isa inda tsoro da kunya suke kwana. Ciwon damuwa ya fi kama masu HIV kusan ninki biyu a kan sauran jama'a, kuma wanda damuwa ta danne shi ne yake fara tsallake magani, ya daina zuwa asibiti. Saboda haka kula da zuciya wani ɓangare ne na jinyar kanta.

Ƙofofin da mutum zai iya nufa huɗu ne: zama da mai ba da shawara kai da shi, zama cikin ƙungiyar masu irin lalurarka, ganin likitan ƙwaƙwalwa, da kuma buɗe ciki ga wani naka ko malamin addininka. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauke su a matsayin abu ɗaya, mutum ya shiga wadda ta fi kusa, in ba ta yi masa ba ya ce ai ba mai iya taimakonsa. Alhali kowace da irin ciwon da take warkarwa. Tsoro daban, kunya daban, ciwon damuwa na asibiti daban. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tambayar farko ita ce: me ya fi hana ni barci?

Kai da mai ba da shawara

A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai shawarar da ake bayarwa nan take bayan gwaji, ta 'yan mintoci, wadda aikinta ta gaya maka ma'anar sakamakon ta kuma haɗa ka da wurin karɓar magani. Akwai kuma zama na musamman da ake tsarawa mako-mako, sau biyar ko shida ko fiye, da wanda ya koyi aikin. Mutane da yawa sun samu na farko kawai, a ranar da kunnensu ya toshe, sai su ce an ba su shawara ba ta yi amfani ba. Laifin ba na shawarar ba ne. A wannan rana ko me aka faɗa zubewa yake yi. Ka koma bayan kwana uku ko mako guda, da tambayoyinka a rubuce.

Abin da wannan ƙofa ta fi kowace iyawa shi ne kashe tsoron da rashin sani ya haifa. Yawancin abin da ke cikin kan sabon majinyaci hotunan shekarun 1980 da 1990 ne, na mutane ƙashi da rai a kan gado. Mai ba da shawara na gari zai zauna ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Zai gaya maka cewa a binciken da aka yi wa suna PARTNER, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2016 da 2019, an bi masoyan da ɗayansu ke da cutar ɗayan ba shi da ita, aka ƙirga dubun-dubatar saduwa ba kwaroron roba, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba, matuƙar magani ya danne ƙwayar cutar ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini. Zai gaya wa mace mai ciki cewa ba tare da kulawa ba haɗarin jariri ya ɗauka yana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100, da magani kuwa yana sauka ƙasa da kashi 5. Na ga yadda kafaɗar mutum ke sauka idan ya ji waɗannan biyun. Wanda ya shigo yana ganin aure da haihuwa sun haramta gare shi, ya fita yana lissafin gobe.

Sannan akwai sirri. Cikin ƙa'idoji biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa duk mai aikin gwajin HIV akwai yardar mutum da kuma riƙe sirrinsa. Don haka abin da ba za ka iya faɗa wa kowa ba, yadda kake zaton ka ɗauka, fushin da kake yi da wanda kake zargi, ko nadamar da ke cinka, a nan ne wurin faɗarsa.

Zaman da aka tsara kuwa ya wuce hira. Wata hanyar tana koya maka kama tunanin da ke azabtar da kai ka auna shi. Misali kana cewa a ranka "duk wanda ya kalle ni ya sani". Sai a tambaye ka: a makon nan mutum nawa suka kalle ka, nawa suka ce wani abu? Wata hanyar kuma ta warware matsala ce: a jera damuwoyinka, ka zaɓi guda ɗaya da za a iya taɓawa, ku tsara abin da za ka yi kafin zama na gaba. Wannan ta biyun ce likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya gina shirinsa a kanta a Zimbabuwe, inda aka horar da dattijan mata suna zama da mutane a kan bencin katako a harabar asibiti. A gwajin da aka buga a 2016, wanda aka yi a asibitoci 24 na birnin Harare kuma da yawa daga cikin mahalartansa masu HIV ne, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka yi zama shida a bencin ne ke da alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su yi zaman bencin ba kuwa kusan rabi. Abin lura a nan shi ne, ba sai mai babban digiri ba. Horo da tsari da iya sauraro su ne jarin.

Rauninta fa? A wurare da yawa layi ya yi tsawo, zaman ya koma ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalba da faɗa a kan makara. Wani mai ba da shawarar ma wa'azi yake yi, ko ya tsare ka da tambayar yadda aka yi ka kamu alhali ba ka kawo zancen ba. In ka fito daga ɗaki kana jin ka fi ƙanƙanta fiye da yadda ka shiga, har sau biyu, ka nemi a sauya maka wani. Haƙƙinka ne. Akwai kuma abu ɗaya da mafi ƙwarewar mai ba da shawara ba zai iya ba ka ba in shi ba ya ɗauke da cutar: ba zai iya cewa "ni ma" ba.

Zama da masu irin lalurarka

Wannan "ni ma" ɗin ita ce duk ƙarfin ƙungiya, kuma a ganina babu abin da ya kai ta maganin kunya. Kunya ba ta jin hujja. Za ka iya haddace duk alƙaluman da na kawo a sama, amma ka ci gaba da ɓare takardar jikin kwalbar magani, kana juye ƙwayoyin a wani mazubi, kana cusa auduga don kada su yi ƙara a jaka. Ranar da ka zauna a da'ira wata mata mai ƙiba da fara'a, da yaro a cinyarta, ta ce shekararta goma sha biyu tana shan magani kuma yaron nan lafiyarsa lau, ranar ce wani ƙulli yake kwancewa. In wani ya ambaci dabarar audugar nan kowa ya yi dariya saboda kowa ya taɓa yi, za ka gane ashe ba kai kaɗai ba ne.

Wannan hanya tana da tarihi. A 1987 a Yuganda, Noerine Kaleeba, bayan rasuwar mijinta da wannan cuta, ta haɗu da wasu tsirarun mutane suka kafa ƙungiyar TASO, a lokacin da babu magani, abin da suke da shi kawai su zauna da juna su ƙi yarda a binne su da rai. A ƙasar dai aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwaje mafi ƙarfi a kan wannan batu. Likita Etheldreda Nakimuli-Mpungu da abokan aikinta sun ɗauki masu HIV fiye da 1,000 da ke fama da damuwa a arewacin ƙasar, suka raba su biyu. Kashi ɗaya ya yi zaman ƙungiya mai tsari sau takwas, mako-mako, maza daban mata daban, ana koyon faɗar abin da ke rai, da dabarun jure tsangwama, da hanyar neman abin kai. Ɗaya kashin darasi kawai aka riƙa ba su a kan cutar. A sakamakon da ya fito a 2020, bayan wata shida ƙasa da kashi 1 cikin 100 na 'yan rukunin farko ne ke da matsanancin ciwon damuwa, a rukuni na biyu kuwa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu.

Ka dubi wannan da kyau, domin a nan ne ake ruɗuwa. Duka rukunin biyu taruwa suke yi. Bambancin shi ne a ɗaya ana buɗe zuciya bisa tsari da jagoran da aka horar, a ɗaya ana sauraron lacca. Saboda haka ba duk taron da aka kira ƙungiyar tallafi ne yake warkarwa ba. Wata ta koma wurin jiran abin da masu ba da agaji za su raba. A wata mutum biyu ne ke cinye lokacin kowa. Mafi haɗari ita ce wadda ake tallar maganin da wai yana wanke cutar gaba ɗaya. Kafin ka shiga ka tambaya: wa ke jagoranta, an horar da shi? Mutum nawa ne? In sun haura goma sha biyu ko sha biyar, da wuya magana ta zagayo kanka. Ana tuna wa kowa alƙawarin riƙe sirri a farkon kowane zama?

Sirrin ne babban kuɗin shiga. Ga mai ba da shawara mutum ɗaya ne ya sani, kuma aikinsa ya ɗaure shi. A ƙungiya mutum goma ne, kuma alƙawari kawai ya ɗaure su. Kana iya shiga ka tarar da wanda ka sani. Gaskiya ne shi ma abin da ya kawo ka ne ya kawo shi, kuma sau da yawa irin wannan haɗuwa takan zama abota mai ƙarfi, amma wanda bai kai mako biyu da jin sakamakonsa ba bai shirya wa wannan ba. Ban cika son a tura sabon majinyaci ƙungiya tun yana cikin ruɗu ba. Labarin wahalar wasu yana iya ƙara masa nauyi.

Akwai tsaka-tsaki da mutane ba su cika tambaya ba: a haɗa ka da mutum ɗaya mai ɗauke da cutar wanda aka horar. Shirin mothers2mothers da aka fara a Afirka ta Kudu a 2001 haka yake yi, uwa mai HIV da ta haihu lafiya ita ke riƙe hannun mai ciki da aka gano yanzu. Shirin Zvandiri na Zimbabuwe kuma matasa ne ke kula da matasa 'yan'uwansu. Ka samu "ni ma" ɗin, sirrinka kuma yana hannun mutum ɗaya. In asibitinku na da irin wannan, ga mai tsananin kunya na fi fifita shi a kan komai a watannin farko.

Likita

Baƙin ciki bayan irin wannan labari ba cuta ba ne. Kuka, rashin barci na 'yan kwanaki, ƙin son ganin mutane, duk ana sa ransu, kuma sukan lafa. Abin ya zama na likita idan ya wuce mako biyu kusan kullum: ba ka jin daɗin komai har abin da kake so a da, barci ya gagara ko ya yi yawa, jiki ya mutu, ba ka iya aiki, kana ganin kanka ba ka da amfani. A nan hira kaɗai ba lallai ta isa ba, kamar yadda lallashi ba ya ɗora karaya. Idan kuwa tunanin kashe kai ya fara zuwa, babu jiran ranar da aka ba ka. A ranar za ka gaya wa ma'aikacin lafiya, ko ka sa wani ya raka ka asibiti, kuma kada ka kwana kai kaɗai. Wannan haɗari ya fi yawa a shekarar farko bayan gano cutar, wato daidai lokacin da mutum bai riga ya ga cewa rayuwa za ta ci gaba ba.

Mutane na gudun wannan ƙofa saboda tsoron a ce sun haukace, ga tsangwama ɗaya a ƙara musu ta biyu. Amma likita yana ganin abin da sauran ukun ba za su gani ba. Wani lokaci maganin HIV ɗin ne da kansa. Efavirenz, wanda aka daɗe ana bayarwa, an san shi da kawo jiri, munanan mafarkai, da dagula yanayin zuciya ga wasu. Dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019, ya fi sauƙi, amma shi ma yana hana wasu barci, kuma sau da yawa mayar da shansa safe yakan taimaka. Mutum na iya shafe watanni yana zaton zuciyarsa ce ta karye alhali sauyin ƙwaya ne zai raba shi da abin. Kada dai ka daina sha ko ka sauya da kanka.

In an rubuta maka maganin damuwa, irin su fluoxetine ko sertraline, ka san cewa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ka ji canji, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an samu sauƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya wa likitan ƙwaƙwalwa kana shan maganin HIV, ka gaya wa likitan HIV abin da aka rubuta maka. Wasu magunguna, kamar carbamazepine, maganin farfaɗiya, suna rage ƙarfin dolutegravir a jini, haka ma wasu haɗe-haɗen ganye da ake sayarwa don kwantar da hankali. Raunin wannan ƙofa shi ne likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a yawancin duniya, kuma ƙwaya ba ta koya maka yadda za ka gaya wa matarka. Shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin horar da likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari su iya gano ciwon damuwa su yi maganinsa. Ka fara da wanda ke ba ka maganin HIV.

Naka na jiki, da malamin addini

Wannan ce ƙofa mafi daɗi in ta buɗe da kyau, kuma mafi ciwo in ta juya. Mai ba da shawara sa'a guda yake ba ka a mako. 'Yar'uwar da ta sani ita ce za ta kira ka da dare, ta tuna maka lokacin magani, ta zauna da kai ba sai an yi magana ba. Babu ƙwararren da zai maye gurbinta. Sai dai magana zarar bunu ce. Sauran ƙofofin uku kana iya fita ka rufo, wannan in ka faɗa ka faɗa. Don haka ba na ganin hikima a yi ta a daren farko cikin kuka. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka taɓa ba shi wani sirri ya riƙe, ka kuma shirya amsar tambayoyinsa, domin shi ma tsoffin hotunan nan ne a kansa.

Abokin zama kuwa yana da haƙƙin ya sani don ya yi gwaji ya kare kansa, amma yadda za a sanar da shi yana da hanyoyi. Ana iya kiran ku tare a yi muku bayani a gaban ma'aikacin lafiya, ana iya kuma ma'aikacin ya gayyace shi gwaji ba tare da ambaton sunanka ba. Matar da take tsoron duka ko kora, ta faɗi wannan tsoron a fili ga mai ba da shawara kafin komai. Tsaron ranta ne a gaba.

Malamin addini yana amsa tambayar da asibiti ba ya amsawa, ta "me ya sa ni?" da ta neman gafara da yafiya. Wanda imaninsa ke riƙe da shi, kada ya raba kansa da wannan. Ma'auni ɗaya ne: duk wanda ya ce ka ajiye magani don nuna ƙarfin imani, ko ya mayar da ciwonka abin misali a gaban jama'a, ka nisance shi. Na gari zai yi maka addu'a ya kuma tambaye ka ko ka sha maganinka.

Dandalin intanet, irin rukunonin WhatsApp da Facebook, suna da amfani ga wanda ke nesa da kowa ko wanda barci ya ƙaurace wa da tsakar dare. Amma a WhatsApp lambarka a bayyane take ga 'yan rukuni, kuma kowa na iya ɗaukar hoton abin da ka rubuta. Ka karanta da yawa, ka rubuta kaɗan, kuma kada ka karɓi shawarar magani daga can.

Da wani nawa ne ya zo mini yau da takardar nan a ninke, ga yadda zan jera masa. Makonnin farko, mai ba da shawara, ya koma sau biyu ko uku har tambayoyin tsoro su ƙare, a kuma haɗa shi da mutum ɗaya mai ɗauke da cutar in akwai. Cikin wannan lokaci su shirya tare wa zai fara gaya wa da kuma yadda zai faɗa. Idan ƙafarsa ta tsaya, bayan wata biyu ko uku, ya leƙa ƙungiya sau biyu kafin ya yanke hukunci, domin zaman farko kowa a takure yake. Wanda kuma matsalarsa ta riga cutar zuwa, kamar mai shaye-shaye, ko wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa, wannan ba zan bi da shi ta dogon layi ba. Likita da ƙwararren mai ba da shawara zai fara gani, tun a makon farko, ƙungiya ta biyo baya.

A ziyararka ta gaba, idan aka gama auna nauyi aka miƙo maka kwalba, kafin ka tashi ka ce: "Ba na barci, kuma ina son in yi magana da wani. Wa kuke da shi?"